A kan burtalin kaboyi, daga Teksas zuwa Kansas

Kullum ta Allah, da ƙarfe 11:30 na safe da kuma ƙarfe 4 na yamma, ana fito da shanu a tsohuwar karar birnin Fort Worth da ke jihar Teksas, a kora su a kan titin Exchange don baƙi su kalla. Tun kafin lokaci ya yi mutane sun jeru a bakin titin, wanda aka shimfiɗa da jan bulo, kowa ya ɗaga wayarsa. Can sai ga mahaya bisa dawakai, da malafa mai faɗi da dogon takalmi da kaimi, sun sako shanun a gaba. Ba su kai ashirin ba. A natse suke tafe, sun saba da jama'a, amma ƙahonsu kaɗai ya isa ya sa mutum ya ja da baya. Na Rahaji sama yake miƙewa, wannan kuwa gefe da gefe yake bajewa, har faɗin wani ya fi tsawon ƙato.

Ni jikan fataken shanu ne. Kakana da ƙafa ya riƙa kora shanu daga ƙasar Kano zuwa kasuwannin Kudu, kuma har gobe ƙanin mahaifina dillali ne a kara. Ina ganinsu na kira shi ta bidiyo, can gida la'asar ta yi sakaliya. Na ce, "Baffa, ga shanun kaboyin nan da muke gani a fim." Ya ƙura wa wayar ido, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Ɗana, ina tozonsu?" Na ce ai irinsu ba shi da tozo, jikokin shanun da Sifaniyawa suka ƙetaro da su ne tun zamanin Kolumbus. Ya ce, "To, ƙaho dai akwai. Amma dubi ƙugu ba faɗi, ga doguwar ƙafa. Waɗannan shanun tafiya ne, ba na turke ba." A kallo ɗaya ya faɗi abin da ya sa aka yi yayinsu, da abin da ya sa aka daina.

Wanda ya ɗauke ni a motarsa ɗan wan mahaifina ne, ya daɗe yana aiki a Dallas, Yaya nake ce masa. Da na ce so nake mu bi tsohon burtalin har inda ya ƙare a jihar Kansas, sai da ya tambaye ni ko na san babu komai a hanyar sai fili. Na ce filin nake son gani. Dalilina shi ne, duk sanda aka zauna maganar rikicin manoma da makiyaya a gida, a rediyo ne ko a majalisar ƙofar gida, ba a tashi sai wani ya ce a yi yadda Amurka ta yi, a killace shanu kowa ya huta. Na sha jin maganar, amma ban taɓa jin wanda ya faɗi yadda Amurkar ta yi ba, wa ya ci riba, wa ya biya.

Abin ya samo asali ne daga yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. Mazan Teksas sun tafi fagen daga, hanyar kasuwa ta toshe, shanu suka yi ta hayayyafa a daji har suka kai miliyoyi, da yawansu ko lalas babu a jikinsu. Da aka gama yaƙi, bijimin da bai wuce dala 4 a Teksas ba, idan ya isa biranen Arewa yana iya kai dala 40. Jirgin ƙasa kuwa bai iso ba. Sai aka ce to a kai wa jirgin shanun inda yake, da ƙafa, tafiyar wata biyu zuwa uku. Fort Worth ne babban zangon ƙarshe da madugu ke sayen gari da wake da gahawa kafin ya fuskanci kogin Red, iyakar Teksas da Oklahoma ta yau.

Kafin mu nufi arewa na roƙi Yaya mu ɗan karkata yamma zuwa Weatherford. A maƙabartar Greenwood akwai kabarin wani mutum mai suna Bose Ikard. Baƙar fata ne, cikin bauta aka haife shi a Misisipi, ubangidansa ya taho da shi Teksas yana yaro, a nan ya koyi hawan doki da jifa da igiya. Bayan 'yanci ya shiga aikin Charles Goodnight da Oliver Loving, waɗanda a 1866 suka buɗe wani burtalin da ya bi ta kogin Pecos. Shi Goodnight yake ba ajiyar kuɗi a hanya. Da ya rasu a 1929, Goodnight ne ya sa aka kafa masa dutse, aka rubuta cewa shekara huɗu suka yi tare, bai taɓa gudun aiki ba, sun sha bin garken da ya ɓarke, sau uku suna gwabzawa kafaɗa da kafaɗa da Komanci, ɗaya daga ƙabilun 'yan asalin ƙasar.

Na daɗe a tsaye a wurin. A duk fina-finan kaboyin da muka kalla muna yara, ban tuna na ga baƙin mutum a kan doki ba. Alhali a ƙidayar 1860 bayi sun haura 182,000 a Teksas, kusan kashi 30 cikin 100 na jama'ar jihar, kuma su suka riƙe garkunan iyayen gijinsu lokacin yaƙi. Masana tarihi da dama sun ƙiyasta cewa cikin kowane kaboyi huɗu da suka bi burtali, ɗaya baƙi ne. Wasu da yawa 'yan Meksiko ne, waɗanda daga wurinsu ma aka koyi sana'ar ɗungurungum, tun daga sirdi har zargen igiya.

Hanya mai lamba 81 ce ta ɗauki kusan sawun burtalin Chisholm, wanda ya samo sunansa daga Jesse Chisholm, wani ɗan kasuwa kuma tafinta, wanda mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Ceroki ce, da madugai suka tarar da sawun kekunan kayansa suka bi. Muka tsallaka kogin Red ta gada, muka tsaya a ɗaya gefen, cikin Oklahoma. Ruwan ya damu da jar ƙasa, yashin gaɓa ya fi ruwan faɗi, ka ce yaro ma zai ratsa. Amma idan aka yi ruwa can sama, cikin awoyi kaɗan yake cika ya tumbatsa, ga yashi mai haɗiye ƙafa. Tsohon mashigin yana ɗan gabas da gadar.

A bakin kogin nan na fara hango aikin sosai. Garke ɗaya shanu 2,500 ne zuwa 3,000, mutum goma zuwa goma sha biyu ke kora shi, ga mai dafa abinci da kekensa, ga yaro mai kula da dawakai, domin kowane mahayi yana da dawakai da dama da yake canzawa. Ba a gaggawa, mil 10 zuwa 15 a yini, shanu na tafe suna kiwo don kada su isa kasuwa a rame. Ƙwararru biyu a gaba suna juya kan garken, wasu a gefe, sababbin shiga a baya suna shan ƙura, sun ɗaure hanci da ƙyalle. Da dare ana gadi bi da bi, awa bibbiyu, mai gadi na zagaya garken yana waƙa ƙasa-ƙasa don kada wani motsi ya firgita su. Idan tsawa ta faɗi suka ɓarke cikin duhu, ba abin yi sai a bi su a guje, a yi ta matsa wa na gaba har su karkata su koma zagaye. Dokin da ya zura ƙafa a rami a gaban wannan gudu, shi da mahayinsa sai dai wani ba su ba.

Ladan duk wannan dala 25 zuwa 40 ne a wata. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai: kaboyi ɗan ƙwadago ne. Yawancinsu samari ne 'yan wajen shekara ashirin, ba su da ko saniya ɗaya a garken, sau da yawa dokin ma na mai shanu ne, sirdi kaɗai ne nasu. Ba a tafe da mata da yara, ba a tatsar nono, ba a san saniya da suna ba. Maraƙin da aka haifa a hanya, da yake ba zai iya tafiyar ba, sau da yawa kashe shi ake yi da safe a kora uwar a wuce. Da na faɗa wa Baffa wannan daga baya, salati ya yi. Fatauci ne zalla, irin na kakana, kai kaya kasuwa, sai dai kayan da ƙafarsu suke tafiya. Bai haɗa komai da kiwon da Bafulatani ya gada ba.

Oklahoma a wancan zamani yanki ne da gwamnati ta tattara ƙabilun 'yan asalin ƙasar, wasunsu tun daga gabas ta koro su a shekarun 1830. Garke ya ratsa ƙasarsu ya cinye ciyawarsu, don haka suka sa kuɗin wucewa. Ceroki sun yanka senti 10 a kan kowane kai. Can yamma kuwa Komanci da Kiyowa sukan tare ayari su nemi a ba su sa ɗaya ko biyu, kuma madugu mai hankali yakan bayar, domin wanda ya hana, da dare za a iya tarwatsa masa garke. Masu shanun sun ɗauki wannan a matsayin ƙwace. Ni dai a ganina mai ƙasa ne ya karɓi kuɗin ciyawarsa.

Daga nan har Kansas abin da ya cika mini ido alkama ce. Watan Yuni ne, lokacin girbi. Hagu da dama gona iya ganinka, injinan girbi na tafe cikin ƙura, dogayen rumbunan siminti a tsaye a kowane ƙauye kusa da layin dogo. Yaya ya ce, "Burodin da kake ci a Kano, ba mamaki daga nan ya taso," domin Najeriya ta daɗe cikin manyan masu sayen alkamar wannan yanki. Na ce to ina burtalin? Ya nuna mini gonar. Abin da ya rage sai 'yan fararen ginshiƙan siminti da wani mutumin garin Enid ya bi ya kakkafa a inda tsohuwar hanyar ta ratsa titi.

Abilene ƙaramin gari ne mai tsabta, shiru, yau an fi saninsa da cewa a nan Shugaba Eisenhower ya tashi. A 1867 'yan bukkokin katako ne wajen goma sha biyu. Wani matashin ɗan kasuwa daga Illinois, Joseph McCoy, ya lura layin dogo ya iso wurin, ga ciyawa, ga ruwa, ga shi manoma ba su yi yawa ba. Ya sayi fili, ya gina kara da ma'auni da masauki, ya aika mutum kudu ya sanar da madugai. Ran 5 ga Satumba 1867 jirgin farko ya tashi da taragu 20 na shanu zuwa Shikago. A shekarar kai 35,000 suka iso. A 1871 wajen 600,000 suka shigo Kansas.

Abin da ya sa sai can nesa da manoma kuwa kaska ce. Shanun Teksas suna ɗauke da wata cuta da ba ta kayar da su, amma duk inda suka bi suka kwana, shanun mutanen wurin sai su kama zazzaɓi, fitsarinsu ya yi ja, su mutu cikin kwanaki. Ba wanda ya san dalili a lokacin. Sai a 1893 Theobald Smith da Fred Kilborne suka tabbatar kaska ce ke ɗaukar ƙwayar cutar daga wannan dabba zuwa waccan. Manomin Missouri ko na gabashin Kansas bai jira bincike ba. Abin da ya sani shi ne baƙin shanu sun wuce, an tattake masa gona, saniyar da yake tatsa wa 'ya'yansa ta mutu. Sai suka riƙa tare hanya da bindigogi, majalisu suka yi doka, aka ja layi aka ce kada shanun Teksas su ƙetare shi zuwa gabas. Ban ga laifin manomin ba, kamar yadda ban ga na yaron da ke bayan garke yana shan ƙura ba.

Shekara biyar kacal Abilene ta yi tana cin kasuwar. Shanu ne suka gina garin, amma manoma suka yi ta zuwa har suka fi kowa yawan ƙuri'a. A Fabrairun 1872 ƙungiyar manoman gundumar ta buga sanarwa, har a jaridun Teksas, tana roƙon masu shanu su nemi wata tashar, jama'a ba za su ƙara jure ɓarnar ba. Ayari ya karkata zuwa Ellsworth da Wichita, manoma suka biyo shi can, layin ya ƙara matsawa yamma, sai Dodge City, sai Caldwell a bakin iyaka. A 1885 Kansas ta rufe wa shanun Teksas ƙofa. Daga farko har ƙarshe, zamanin da duniya ta sani ta fim bai wuce shekara ashirin ba.

Inda na fi daɗewa a tafiyar nan wani ɗan gida ne a ƙauyen La Crosse, wanda ba abin da aka ajiye a ciki sai waya mai ƙaya da kayan aikinta. Iri fiye da 2,000, an yanka kowace guntu an jera a allo da sunan wanda ya ƙirƙiro ta. Wata ƙaya biyu, wata huɗu, wata faffaɗan ƙarfe mai haƙora, wata da 'yar tauraruwa mai juyawa. Dattijuwar da ke kula da wurin ta nuna mini ta Joseph Glidden, manomin Illinois da aka yi wa rajistarta a 1874. Waya biyu ce aka murɗe, ɗaya ta riƙe ƙayar kada ta zame. Iyakar dabarar ke nan. A wannan yanki da ba itace, da dutse ma suka sassaƙa turakun shingen, har yau suna tsaye a bakin hanya.

Kafin wayar nan, shinge a wannan fili ya gagari talaka ya gagari mai kuɗi. Ciyawa ta kowa ce, ruwa na wanda ya riga isa. Da wayar ta yi araha, mutum guda da 'yan aikinsa suna iya kewaye abin da doki zai yini bai zagaye ba. Manomi ya kare gonarsa, kuma wannan alheri ne. Amma ba manomi kaɗai ya saya ba. Manyan masu shanu a Teksas suka kewaye filayensu, suka haɗa da na gwamnati, suka haɗa da tafkuna da rafuka, wani wurin har da hanyar makaranta da ta coci. Da fari ya zo a 1883, ƙaramin makiyayi da ba shi da takardar fili ya kora 'yan shanunsa zuwa mashayar da ya saba, ya tarar da waya. Sai mutane suka riƙa fita da dare suna datsewa. Abin ya bazu a fiye da rabin gundumomin jihar, har aka rasa rayuka. Gwamna John Ireland ya kira majalisa zaman gaggawa a Janairun 1884. Ta yanke cewa wanda ya datse waya ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ne, wanda ya kewaye filin jama'a ba izini kuwa ƙaramin laifi ya yi, a ba shi wata shida ya cire. Duk wanda ya dubi hukuncin nan biyu ya san ɓangaren da doka ta tsaya.

A daidai wannan zamani jihar ta ba wani kamfanin Shikago eka miliyan 3 a arewacinta, ladan gina mata majalisa a Austin, aka zuba shanu da kuɗin masu hannun jari na Ingila, aka kira gandun XIT. Kaboyi kuma, da a da ubangida kan bar su su tara 'yan maruƙa nasu, manyan kamfanoni suka hana. A 1883 na yankin Tascosa suka yi yajin aiki suna neman dala 50 a wata, aka sallame su aka ɗauki wasu. Sanyi ya zo ya ƙarasa. A guguwar ƙanƙarar Janairun 1886 shanu suka ba iska baya suka nufi kudu yadda suka saba, suka tarar da shinge, suka taru a jikinsa suka daskare.

A mota muka yi ta muhawara da Yaya. Injiniya ne, yana son abu mai tsari. Ya ce, "Kai dai faɗi gaskiya, yau akwai wanda ake kashewa a nan don saniya ta shiga gona?" Na ce, "Babu, Yaya, kuma ban musa ba cewa killacewa ta kawo nama da kwanciyar hankali. Tambayata ita ce, da aka killace, filin a hannun wa ya faɗa?" Manomi a Kansas dokar 1862 ta ba shi eka 160 kusan kyauta, da takarda, idan ya zauna shekara biyar. Kamfani ya sami miliyoyi. Layin dogo ya bi shanu har gida, aka haƙa rijiyoyi masu famfon iska. Wanda ba shi da takarda ya sayar da shanunsa ya zama yaron wani, ko ya bar sana'ar. Kuma waɗannan ba su da kaka da kakanni a kan burtali. Namu miliyoyi ne, da mata da yara da tsofaffi, saniyar ita ce abincinsu da sadakinsu da gadonsu. Duk wanda zai ce a yi irin na Amurka, ya kamata ya faɗa mana filin wa za a ba su, da wace takarda, da wane ruwa. Yaya bai yarda da ni duka ba. Ya ce jama'a ta ninka, ƙasa ba ta ƙaru ba, wuraren kiwon da aka keɓe tun dokar 1965 ta Jihar Arewa an nome da yawansu, burtali an yi gini a kai, ko an so ko an ƙi yawo zai ƙare. Wannan ma gaskiya ce, na kuma ga shaidarta a gonakin alkamar Oklahoma.

Tun kafin ka ga Dodge City hancinka zai sanar da kai. A gabashin garin akwai wani tudu da aka tanada don masu kallo, daga nan kana hango wurin turke: shanu dubbai, baƙaƙe da jajaye marasa ƙaho, a cikin shingaye ba ko tsinken ciyawa, mota na bi tana zuba musu masara a dogon kwamin siminti. Watanni kaɗan suke yi su yi ƙiba a wuce da su. Manyan mayanka biyu ne a garin, ta Cargill da ta National Beef, kowace tana yanka dubban shanu a rana. Mai dogon ƙaho babu shi a nan sai na tagulla a tsakiyar gari. Irin ma ya kusa ƙarewa, sai da gwamnati ta ware kuɗi a 1927 aka tattara 'yan kaɗan aka adana a Oklahoma.

Titin kaboyin da ke gidan tarihin Boot Hill sake gina shi aka yi don baƙi, 'yan wasa na harbin juna da harsashin wasa. Mun kalla mun fito. Mutanen da na gani a kantuna da gidajen abinci kuwa Sifaniyanci suke yi, domin fiye da rabin garin 'yan asalin Meksiko ne da ƙasashen da ke kudu da ita, yawanci ma'aikatan mayanka. A Garden City, gaba kaɗan, muka sami 'yan'uwa Musulmi 'yan Somaliya, muka yi la'asar tare a wani ɗaki da suka mayar masallaci a rukunin gidajen haya. Bayan sallama wani matashi ya nuna mini hannunsa, yatsun ba sa rufuwa sosai saboda riƙon wuƙa cikin sanyi yini guda. Aikin shanu mai wuya a ƙasar nan har yau a hannun baƙi da marasa ƙarfi yake.

Kafin shanu, fatar ɓaunar Amurka ce ta gina Dodge City. Jirgi ya iso a 1872, maharba suka bazu, su kashe su feɗe su bar naman ya ruɓe. Dabbar da aka ƙiyasta ta kai miliyan 30 a filayen nan, zuwa 1889 waɗanda suka rage a daji ba su kai dubu ba. Ita ce kuwa abinci da sutura da tantin ƙabilun wurin. Wannan ya sa na ce wa Yaya mu koma ta kwazazzabon Palo Duro, kusa da Amarillo.

Kana tafe a shimfiɗaɗɗen fili, ba tudu ba gangare, kwatsam sai ƙasa ta tsage a gabanka, zurfin ƙafa 800, bango ja da ruwan ɗorawa, can ƙasa ga rafi ga itatuwa ga inuwa. Nan Komanci da Kiyowa da Shayen suke fakewa da hunturu, su da dawakansu. Da asubar 28 ga Satumba 1874 Kanar Ranald Mackenzie ya gangaro da sojojinsa ta wata siririyar hanya. Waɗanda aka kashe kaɗan ne, yawanci sun haye bango sun tsira. Amma ya ƙone tantunansu da abincin da suka tanada, ya kwashe dawakai wajen 1,400, sannan ya sa aka harbe fiye da 1,000. Mutanen da rayuwarsu kaf a bayan doki take suka shiga hunturu a ƙasa, ba abinci. Zuwa Yunin 1875 Quanah Parker, jagoran Komancin da suka fi daɗewa suna turjiya, ya kai mutanensa sansanin soja na Fort Sill a Oklahoma suka miƙa wuya.

A 1876 Charles Goodnight, wanda ya yi wa Ikard dutsen kabari, ya gangaro da shanu 1,600 cikin kwarin nan, ya kori ɓaunar da ya tarar, ya kafa gandun da aka kira JA. Matarsa Mary Ann ce ta sa aka tsamo 'yan marayun ɓauna ta raine su, jikokinsu na nan a gandun dajin Caprock. Ba na son in mayar da mutumin dodo. Amma duk filin da na yi ta kallo tun daga kogin Red, wanda ake cewa a da na kowa ne, sai da aka raba shi da masu shi da dabbarsu kafin ya zama na kowa, sannan aka zo aka sa masa waya.

A ƙarshen 1878 Quanah ya fito da mutanensa daga inda aka tsugunar da su, farautar ɓauna. Suka zo Palo Duro ba su same ta ba, yunwa ta sa suka fara yanka shanun JA. Goodnight ya hau doki ya same su, suka zauna suka yi yarjejeniya: zai riƙa ba su shanu biyu rana-bari-rana har su gano inda ɓauna take, su kuma su bar masa garke. Kowa ya cika alkawari, daga bisani suka koma Fort Sill. Quanah ya zama mai shanu shi ma, yana ba manyan makiyayan Teksas hayar ciyawar ƙasar Komanci, har zuwa 1901 da gwamnati ta yanka wa kowane mutum eka 160, ta raba mafi yawan sauran ga baƙi ta hanyar ƙuri'a.

Hanya mai lamba 287 muka bi muka koma Dallas. Ta ratsa ƙauyen Goodnight, can gaba ta ratsa garin Quanah, inda muka sha mai muka yi magariba.